Majigin da Auta Ya Aiko

A shekarar da idon Inna ya ƙara dusashewa ne matar ƙanena ta haihu a Ingila. Mace aka samu, aka sa mata sunan Inna. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta, shi ya sa kowa Auta yake ce masa har ya yi gemu. Ni nake riƙe da Inna a gidana da ke Akurba tun lokacin da ciwon ƙafa ya hana ta zama ita kaɗai a Awe, garin da ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa gishiri. Ina koyarwa a wata firamare a cikin Lafia. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai doya da shinkafa kudu, ya fi daɗewa a hanya a kan gida. Yaran suna makarantar kwana. Yawancin lokaci daga ni sai Inna.

Likita ya ce tsakiyar ganinta ne ya lalace, gefe-gefe ya rage. Ita kuma cewa take kamar an ɗiga manja a kan duk abin da ta tsura wa ido. Idan Auta ya kira mu ta bidiyo ya ɗaga jaririyar, sai Inna ta karɓi wayar ta kai ta har hancinta, ta juya ta nan, ta juya ta can, sannan ta miƙo mini.

"Ina dai jin kukanta," in ji ta. "Muryar tana da ƙarfi. Allah ya raya."

Wannan magana ce ta tsaya wa Auta a rai. Ba a daɗe ba ya kira ni yana murna, wai ya samo mafita. Ya sayi wani ɗan majigi mai batir, wanda za a haɗa da waya ba tare da igiya ba, duk abin da ke fuskar wayar ya fito a bango ƙato. Ya ba wani abokinsa mai zuwa Abuja, abokin ya sa a mota, na je tasha bayan an tashi makaranta na karɓo.

Bai fi gwangwanin madarar gari girma ba. Da na sa wa Inna a hannu na ce majigi ne, sai ta shafa shi sama da ƙasa ta yi dariya.

"Wannan ne majigi? Majigin da na sani da mota ake kawo shi. A ɗaura farin ƙyalle tsakanin itatuwa biyu, duk Awe a fito a zauna a ƙasa. Inji na ruri, wani na bayani da lasifika. Wannan kuwa ko gishirin miyar sati ba zai ɗauka ba."

Rabon da in ji ta yi dariya haka an kwana biyu. Na ce a raina, ko don wannan ma Auta ya kyauta.

Abin da babu wanda ya faɗa mini shi ne majigi duhu yake so. Inna kuma da ta yi isha'i barci take, ba ta da wani lokacin fira sai tsakanin azahar da la'asar, bayan na dawo aiki. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, irin zafin Lafia da kwanon rufi yake ƙara kamar ana taka shi. Haka na ɗauko barguna da tsofaffin zannuwa na toshe tagogin ɗakinta, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Bangon shuɗin fenti ne, don haka na kafa ƙusoshi na rataya farin zanin gado. Kafin in gama, rigata ta manne a bayana.

Na kunna shi. Haske ya faɗa kan zanin, rubutun Turanci ya fito manya-manya. Inna ta gyara zama. Na shiga wayata na taɓa wurin da Auta ya ce, sai ta fara neman majigin. Ta yi ta nema, wani ɗan zobe yana juyawa. Ga majigin nan a gabanta a kan kujera 'yar tsugunno, ko taku ɗaya babu tsakaninsu, amma wai ba ta gan shi ba.

Na kira Auta.

"Yaya, abu ne mai sauƙi fa," in ji shi. "Ki tabbatar dukkansu suna kan waifai ɗaya."

"Wane waifai?"

"Na gidan."

"Auta, yaushe ka bar mu da waifai a gidan nan? Data nake saya a waya."

Ya shekara da yawa a can, har ya manta. Sai ya ce in buɗe hotsifot na wayata, wato in mayar da ita mai raba intanet, majigin ya kama daga gare ta. Na yi. Majigin ya kama. Amma da na ce wayar ta tura hoto, sai ta ƙi, wai ba za ta iya raba intanet kuma ta tura hoto a lokaci guda ba. Sai an samo waya ta biyu da za ta tsaya a tsakiya, su biyun su haɗu a kanta.

Maƙwabciyata Batibiya ce, muna ce mata Maman 'yan biyu. Tana da ɗan shago a jikin katangarmu, da firiza mai aiki da sola, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Na leƙa na roƙe ta aron wayarta.

"Ɗauka, Malama," ta ce. "Amma wayan nan ya gaji kamar ni. In ya yi zafi ki ba shi iska. Mama ya ci abinci?"

Na kawo wayar na buɗe hotsifot ɗinta. Tawa ta gan shi nan take, majigin kuwa ya ce babu. Na kashe, na kunna, na matso da ita har tana taɓa shi. Babu. Ranar haka muka tashi. Na sauke bargunan saboda Inna ta fara numfashi sama-sama, na ba ta ruwa, na ɗora tuwo.

Kwanaki na yi ina wannan fama. Kullum in dawo makaranta da maƙogwaro a bushe saboda ihu da 'yan aji uku, in yi wa Inna wanka, in ba ta abinci da magani, sannan in hau kujera in fara rataye barguna. Auta yana turo mini hotuna ya zagaye wasu wurare da jan layi. A ƙarshe dai aka gano cewa waifai ɗin layi biyu gare shi, babba da ƙarami, majigin kuma ƙaramin kawai yake gani. Wurin canzawar yana can ƙarƙashin wasu shafuka a wayar Maman 'yan biyu, wurin da ita kanta ba ta taɓa shiga ba. Da na canza, sai ga shi ya kama. Na taɓa wayata, fuskarta ta fito a kan zanin gado, har da hoton yarana da na sa a fuskar wayar.

Nan take na kira Auta ta bidiyo. Ya ɗauka. Fuskarsa ta cika bangon, ya buɗe baki zai yi sallama, sai hoton ya daskare a nan. Muryarsa tana ta zuwa, yana cewa ga ta nan, Inna ga takwararki, amma a bango bakinsa ne a buɗe, ido ɗaya a rufe. Can hoton ya yi tsalle, wani abu fari ya gilma, ina jin tawul ɗin jaririyar ne. Sai ɗif, ɗakin ya yi duhu. Majigin ya mutu, alhali alamar batir tana nuna ya fi rabi.

"Kin gan ta?" Auta yake tambaya daga wayar. "Inna, kin gan ta?"

"Na ga wani abu kamar tulu," in ji Inna.

"Kaina ne wannan," ya ce, muryarsa ta yi sanyi.

Daga nan aka shiga babin batir. In na sa shi caji, fitilarsa ta yi ja, ta yi kore, ta koma ja. Wutar unguwarmu ko an kawo ta ba ta da ƙarfi, fanka ma da ƙyar take juyawa. Na gwada fawa bankin maigidana, wanda yake cajin waya da shi a hanya, majigin ya zuƙe shi bai ƙoshi ba. Wata rana ya yi minti kaɗan yana aiki, wata rana ko tambarin kamfanin bai gama fitowa ba zai mutu. Na kuma lura gindinsa ya daina zama daidai a kan kujera, yana ɗan rangaji.

Ran wata Asabar na hau keke na kai shi layin masu gyaran waya a cikin gari. Biyu suka juya shi suka miƙo mini, suka ce ba su taɓa buɗe irinsa ba. Na ukun wani dattijo ne mai furfura a gemu, asalinsu 'yan Kano ne amma a Lafia aka haife shi. Ya ce zai duba, amma kada in riƙe shi da alkawari. Ya kwance ƙusoshin, murfin ya ɗago da kansa. Batirin ya kumbura ya yi tozo kamar fanke.

"Malama, a ina kike ajiye shi?"

"A ɗaki."

"Ɗaki mai iska?"

Na ba shi labarin barguna. Ya girgiza kai.

"Zafi ne ya dafa shi. Kuma ina zaton ya daɗe a ajiye kafin a saye shi. Irin wannan batirin babu shi a garin nan. Zan iya haɗa miki na kwamfuta in ɗaure, amma gaskiya ban san yadda zai yi ba. In ya yi zafi yana iya kamawa da wuta."

Na tuna Inna a ɗaki a rufe, da ƙafar da ba ta iya gudu. Na ce a'a. Ya ce to sai dai ya sa a nemo daga Legas, in Allah ya sa a dace. Na bar masa majigin na dawo.

An ɗauki makonni. Duk ranar da na biya, sai ya ce kaya ba su iso ba. Inna ba ta taɓa tambayata ba, amma idan ta ji na shigo, sai ta karkata kai tana sauraron ko zan ajiye wani abu a kan kujera. Da batirin ya iso, ba irinsa ba ne sak, ya ɗan fi na asalin kauri. Murfin ya ƙi rufuwa, dattijon ya naɗe shi da baƙin salatif. Ya ce yana aiki, amma kada in yarda da alamar da yake nunawa, domin majigin bai san wannan batirin ba, lissafin tsohon yake yi.

Na dawo da shi gida, aka koma rataye barguna. Yanzu yana daɗewa a kunne, amma hoton bai daina daskarewa ba. Auta ya bincika ya ce matsalar daga manhajar da ke cikin majigin ce, wadda take tafiyar da shi, kuma kamfanin ya fitar da sabuwa da ta gyara wannan. Dama kullum na kunna sai wani saƙo ya fito yana tambaya ko a sabunta, ni kuma in danna a'a saboda tsoro.

"Ki danna e kawai, Yaya. Shi zai yi komai da kansa."

Na jira ranar da aka kawo wuta mai ɗan ƙarfi. Na jona shi a caji, na aro wayar Maman 'yan biyu na sa mata data, na danna e. Wani dogon layi ya fito yana cika a hankali, a ƙasansa an rubuta kada a kashe. Na zauna ina kallonsa. Ya wuce rabi, ya tsaya, ya ɗan ƙara. Inna ta kira ni in kai ta bayi. Muna can na ji fankar falo ta yi shiru. An ɗauke wuta. Na zaunar da Inna na dawo da gudu, na tarar alamar batir tana cewa a cike yake. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba ya mutu.

Da aka dawo da wuta washegari na kunna shi. Tambarin kamfanin ya fito, ya ɓace, ya sake fitowa. Haka ya yi ta yi. Rimot ɗinsa ba ya aiki, maɓallan jikinsa ba sa aiki. Na mayar wa dattijon, ya ce wannan ya wuce saninsa, ba ciwon ƙarfe ba ne, ƙwaƙwalwar ce ta rikice.

Da yamma na kira Auta na faɗa masa. Na san daga aiki ya fito, na ji gajiya a muryarsa, amma abin da ya fara cewa shi ne, "Haba Yaya, ai an rubuta kada a kashe."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Ni na kashe? Ni nake riƙe da wutar Lafia? Kai kana can ka sayi abu ka jefo mana, ka ce mai sauƙi ne. Komai a wurinka mai sauƙi ne. Ka san sau nawa nake tashi in juya Inna? Ka san yau da hannuna na wanke zannuwan gadonta kafin in tafi makaranta? Ga takardun jarrabawar yara can ban duba ba, ina nan ina hawa kujera ina rataya bargo kamar mahaukaciya, don kai hankalinka ya kwanta ka ce ka yi wa uwarka wani abu. In kana so ta ga 'yarka, ka ɗauko ta ka kawo ta."

Sai ya ce, a hankali, "Kin san takarduna ba su fito ba. In na fito ba zan iya komawa ba."

Na sani. Na san kuma da aikin da yake yi a can ake sayen maganin Inna. Amma a lokacin ba ni da sauran wurin da zan sa wannan sanin. Na kashe wayar.

A tsakar gida na yi maganar, na manta tagar Inna a buɗe take. Da na shiga kai mata abinci, ta karɓi kwanon ta riƙe ba ta ci ba. Inna ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari.

"Ke," ta ce. "Ku bar abin nan haka. Na ga 'ya'yanki da idona, na goya su. Wannan kuma da kunne Allah ya rubuta zan san ta. Ba sai kun ɓata ba a kaina."

Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki majigin na cusa shi a kwalinsa, na ɗora a kan kabad, na ninke bargunan.

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, aka shiga shuka. Ni da Auta muna gaisawa a taƙaice, ya tambayi jikin Inna, in miƙa mata wayar. Ba wanda ya sake ambaton majigi.

Wata rana ina ofishin malamai lokacin tara, sai ga kira daga matar Auta. Ba mu saba ba sosai. Sau ɗaya na gan ta, lokacin biki, daga nan sai gaisuwar salla. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba na so in ƙara miki aiki. In kin ce a bar shi, an bar shi. Amma na rubuta wa kamfanin, sun turo mini manhajar da yadda ake sa ta ta filash, ɗan abin nan da ake zuba fayil a ciki a soka a na'ura. Na gwada karantawa sau da yawa har na gane. In kina so, zan yi miki bayani da baki, ɗaya bayan ɗaya, ki saurara lokacin da kika samu sarari."

A bayanta ina jin jaririyar tana tsala kuka. Muryarta irin ta wadda ba ta samu barci ba ce. Na tambaye ta wa yake taya ta. Ta ce babu kowa, Auta yana fita tun safe, ita da yarinyar ne a ɗaki ɗaya, wani lokaci sai ta yini ba ta yi magana da babban mutum ba. Ta ce da a gida ta haihu da yanzu tana wurin uwarta ana yi mata wankan jego. Muka daɗe muna magana har aka kaɗa ƙararrawa, kuma yawancinta ba a kan majigi ba ce.

Saƙonnin muryarta suka zo, gajeru-gajeru, kowanne da abu ɗaya. Na bi su a hankali, ba kullum ba. Na je wani shagon kwamfuta kusa da sakatariya aka sauke mini manhajar a filash. Na dawo na gwada, majigin bai kula ba. Matar Auta ta ce sai an share filash ɗin gaba ɗaya an tsara shi wani iri, kuma kada a bar komai a ciki sai wannan abu ɗaya, kada a canza masa suna. Na koma aka sake. Wannan karon na ce ba zan yarda da wutar gari ba. Na ɗauki majigin na kai shagon Maman 'yan biyu, muka jona shi a inbata, akwatin da ke ba da wutar solarta, gefen firiza.

"Abeg, kar ya ƙona mini inji fa," ta ce, amma ita ta matsar da robobin zoɓo ta ba shi wuri.

Akwai wani ɗan rami a bayansa da ban taɓa lura da shi ba. Matar Auta ta ce in tura allura a ciki in riƙe, in danna maɓallin kunnawa da ɗaya hannun, kada in saki sai na ga rubutu. Na ciro fil daga ɗankwalina. Na riƙe har yatsana ya yi sanyi. Muka haska shi a jikin farin firizar. Tambarin ya fito, ya ɓace, sai ga dogon layin nan ya dawo. Maman 'yan biyu tana sallamar masu sayen ƙanƙara tana waiwayowa. Ni kuwa ban ɗauke ido ba har ya cika.

Ya tashi, amma da rubutun Sinanci. Ko harafi ɗaya ban gane ba. Maman 'yan biyu ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya warke, amma ya manta yaren gida. Kamar yaran mu da ya je Legas."

Na ɗauki hoton kowane shafi ina tura wa matar Auta, tana cewa danna na uku, sauka ƙasa, danna mai alamar duniya. Da haka muka mayar da shi Turanci.

Na so a ce daga nan komai ya daidaita. Bai daidaita ba. Sabuwar manhajar ta sa wayata tana ganinsa da wuri, amma kiran bidiyo bai daina tsinkewa ba. Sai daga baya na gane dalili. A gidanmu sabis ba ya kamawa sosai sai a bakin taga, tagar kuma ita nake toshewa da bargo. In na fitar da wayar Maman 'yan biyu waje ta samu sabis, sai ta yi wa majigin nisa. In na shigo da ita, sabis ya gudu. Babu sabuntawar da za ta gyara wannan.

Matar Auta ce ta ce mu haƙura da kiran kai tsaye. Za ta riƙa ɗaukar yarinyar a bidiyo, kusa sosai, a wuri mai haske, ta turo. Ni kuma in sauke a makaranta inda sabis yake da kyau, in zuba a filash, in soka a majigin. Ba waifai, ba waya ta biyu. Maigidana da ya dawo ya jawo mana doguwar igiyar wuta daga shagon Maman 'yan biyu ta kan katanga, don kada mu dogara da batirin.

Ranar farko da muka gwada, an yi ruwa da safe, ɗakin bai yi zafi sosai ba. Na zaunar da Inna kusa da zanin. Fuskar yarinyar ta fito, ta kai faɗin tabarma, tana kwance tana tsotsar hannu tana kallon mai ɗaukarta. Hoton bai tsaya ba, bai yi tsalle ba. Inna ta kalli bangon kai tsaye, sannan ta juya fuskarta gefe kamar mai kallon ƙofa, tana leƙen hoton da wutsiyar ido. Ta daɗe a haka.

"Goshin babanku ne," ta ce. "Dubi yadda ya fito. Kunnuwan kuma ba namu ba ne, na wajen uwarta ne."

Yarinyar ta yi hamma. Inna ta ce, "A'a, takwara, barci kuma? Yanzu fa muka haɗu." Ta shiga yi mata wasa, tana tafa hannu, tana yi mata 'yar waƙar da take yi wa yarana suna jarirai.

Na ce, "Inna, ba ta jin ki fa. Ɗauka aka yi aka turo, ba kira ba ne."

"Na sani," ta ce, ba ta juyo ba. "Jariri dama ko yana gabanka ba amsawa yake ba. Sake sa mini."

Na sake sa mata. A karo na uku na ɗauki muryarta a wayata tana waƙar, na tura musu. Auta ya kira da yamma. Ya ce, "Yaya, sannu." Na ce, "Yauwa." Muka yi maganar maganin Inna da ya kusa ƙarewa.

Tun daga ranar aikin ya zama na kullum. Inna ba ta roƙo, sai dai bayan azahar ta ce, "Yau takwarata ba ta zo ba?" Sai in tashi in hau kujera. Barguna, tsumma a ƙasan ƙofa, in leƙa katanga in ce wa Maman 'yan biyu ta jona mana. In hadari ya rufe rana, solarta ba ta iya ɗaukar firiza da mu, sai mu haƙura. Wani lokaci majigin ya ƙi ganin filash ɗin sai na cire na hura na mayar. Salatif ɗin yana saki saboda zafi, ina sake naɗewa. Saƙon sabuntawa ya sake fitowa kwanan baya, na danna a'a, kuma a'a zan ci gaba da dannawa.

Yarinyar yanzu tana tafiya, tana kiran Inna da wani suna da ita kaɗai ta san ma'anarsa. Takardun Auta har yau ana jira. Idon Inna kuma ya ƙara ja baya. Ina zaton yanzu motsi da launi kawai take gani, domin ran nan ta yaba wa jar rigar yarinyar, alhali jar kujera ce a bayanta. Ban gyara mata ba.

Makon jiya na dawo daga makaranta bayan mun yini a tsaye muna taron iyaye. Na yi duk abin da na saba, na kunna mata, na zauna a tabarma na jingina da gadonta, da niyyar in ya ƙare in sake sa mata. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka, bidiyon ya daɗe da ƙarewa, babu komai a zanin sai shuɗin haske. Ɗakin ya yi zafi, gumi yana bin wuyan Inna. Tana zaune a bakin gado da mafici a hannu, ni take yi wa fifita.

"Inna, me ya sa ba ki tashe ni ba?"

"Tashi yanzu," ta ce. "La'asar tana neman wucewa. Ki cire tsummokaran nan mu sha iska."